Shirun Kurma da Shirun Mai Kunne

Ina ɗan shekara 11 na yi wata ƙarya mai kalma uku wadda har yau ban gama biyan bashinta ba. A gidanmu akwai ƙanin mahaifiyata, wanda sanƙarau ya tafi da jinsa tun yana goye. Sana'arsa ɗinkin hula, mazauninsa kuma zaure, inda haske ke sauka kan cinyarsa daga hantsi zuwa la'asar. Kowa a gidan ya iya yi wa Kawu nunin abinci da ruwa da lokacin salla, amma ni kaɗai na daɗe a gefensa har na iya maganar hannu sosai, na kuma san alamar da ya laƙaba wa kowannenmu a madadin suna. Wata rana kuɗi suka ɓace daga aljihun rigar mahaifina da ke rataye a zauren, zargi ya faɗa kan almajirin da ke yi mana aike. Ana tsaka da tuhumarsa Kawu ya soke allura a jikin hula, ya miƙe, ya nuna idonsa, ya nuna rigar, sannan ya taɓa haɓarsa sau biyu da babban yatsa. Wannan alamar sunan yayana ce. Mahaifina ya juyo gare ni ya ce, "Kai, me kawunka ke faɗi?" Na dubi ƙasa na ce, "Ban gane ba." Aka zane yaron, aka kore shi.

Shekaru masu yawa bayan haka, ina bin tarihin kurame a ƙasashen Turai, na ci karo da rayuwar wani mai zane Bajamushe, David Ludwig Bloch. Shi ma kurma ne, shi ma ya ga zalunci da idonsa, sai dai nasa zaluncin ya girmi na zaurenmu kamar yadda teku ya girmi kududdufi. Abin da ya tsaya mini a rai game da shi shi ne cewa ya shekara 38 kafin ya zana abin da ya gani. Ni kuwa, da na riga na san ɗanɗanon yin shiru, sai na ji kamar na sami abokin laifi. Tambayar da nake son bi a nan ita ce: shin duk wanda ya ga zalunci ya yi shiru mai laifi ne? In kuwa akwai shirun da ba laifi ba ne, da me ake rarrabe shi da wanda yake laifi? Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, na shiga binciken ne da fatan Bloch zai wanke ni.

An haifi Bloch a 1910 a Floss, wani ƙaramin gari a jihar Bavariya, cikin iyalin Yahudawa. Tun yana jariri ya rasa jinsa, ya kuma rasa uwa da uba. An sa shi makarantar kurame a birnin Munik a zamanin da malaman irin waɗannan makarantu ke bin ƙudurin taron da aka yi a Milan ta Italiya a 1880, wanda ya fifita koyar da kurame furta kalmomi da karanta leɓe a kan maganar hannu. Ma'anar wannan ita ce yaro ya ɓata shekaru yana kwaikwayon sautin da bai taɓa ji ba, alhali harshen da ya zo masa da sauƙi ana yi masa kallon abin kunya. Da ya tasa ya koyi sana'ar zanen ado a kan tangaran, domin yankinsu ya shahara da masana'antun faranti da kofuna. A 1934 ya koma Munik ya shiga makarantar fasahar zane, yana kuma yin zanen talla don ya ci da kansa.

A lokacin da aka haife shi, zane a Jamus yana cikin wani juyi. A 1905 wasu samari a Dresden, cikinsu da Ernst Ludwig Kirchner da Erich Heckel da Karl Schmidt-Rottluff, suka kafa ƙungiyar da suka kira Gada, a 1911 kuma Wassily Kandinsky da Franz Marc suka kafa tasu a Munik. Salon nasu shi ake kira Ekspireshanizim, wato zanen da ke fitar da abin da ke ƙunshe a zuci. Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska. Su kuwa sai suka ɗauki fuskar suka karkata ta, suka tsawaita ta, suka shafa mata launin da fata ba ta da shi, domin labarin zuciyar ya fito fili ko mai kallo bai tambaya ba. Sun kuma farfaɗo da tsohuwar sana'ar bugun katako: a sassaƙe hoto a jikin allo, a shafa tawada, a danna kan takarda kamar hatimi. Wuƙa ba ta san lallashi ba, abin da ta cire ya ciru, sai baƙi da fari kawai. Bloch bai riski ganiyar waɗannan mutane ba, amma ya gaji wuƙarsu, ya kuma gaji aƙidarsu cewa hoto yana iya ɗaga murya.

Hawan 'yan Nazi mulki a 1933 ya sa Bloch a tsakiyar ƙiyayya uku. Ta farko, shi Bayahude ne. Ta biyu, a ranar 14 ga Yuli 1933 gwamnati ta kafa dokar da ta ce ta hana haihuwar zuriya mai cutar gado, kurumtar gado kuma tana cikin jerin da aka lissafa. Ƙarƙashin wannan doka aka yi wa mutane wajen 400,000 tiyatar hana haihuwa ta dindindin bisa tilas, kuma malamin kurame Horst Biesold, wanda ya bi diddigin al'amarin, ya ƙiyasta kurame wajen 15,000 a cikinsu. Ta uku, salon zanen da Bloch ya gada shi ma an yanke masa hukunci. Tun a 1928 Paul Schultze-Naumburg ya wallafa littafin da ya jera zane-zanen zamani kafaɗa da kafaɗa da hotunan naƙasassu da marasa lafiya, don ya nuna wai duk lalacewa ɗaya ce. A watan Yuli 1937 aka buɗe baje kolin da aka kira na gurɓatacciyar fasaha a Munik, birnin da Bloch ke zaune, aka rataye ayyuka wajen 650 don a yi musu dariya, mutane fiye da miliyan biyu suka je kallo. Idon da ya ƙyamaci karkatacciyar fuska a jikin allo shi ne ya ƙyamaci jikin da ya saɓa wa ma'auninsa a kan titi.

Da ace kurame sun rungumi junansu a wannan hali, da labarin ya yi daɗin faɗi. Ba haka ya kasance ba. Babbar ƙungiyar kuramen Jamus ta bi tsarin sabuwar gwamnati, ta fitar da Yahudawa daga cikinta. Binciken Biesold ya kuma nuna cewa wasu malaman makarantun kurame da kansu suka miƙa sunayen ɗalibansu ga hukuma. Shan wuya ba ya mayar da mutum adali, kusanci da mai rauni kuma ba ya hana cin amanarsa. Ni shaida ne a kan na biyun. A daren 9 ga Nuwamba 1938 aka farfasa shaguna da wuraren ibadar Yahudawa a duk faɗin ƙasar, aka kama maza wajen 30,000, fiye da 10,000 daga cikinsu aka kai su sansanin gwale-gwale na Dachau, wanda nisansa da Munik bai kai kilomita 20 ba. Bloch na cikinsu. Ya yi mako huɗu a can. Sansani wuri ne da ake tafiyar da shi da tsawa: a daka umarni, a kira lamba, a tsai da mutane sahu-sahu cikin sanyi na tsawon sa'o'i, wanda ya yi jinkirin motsi ya sha duka. Mai karatu ya auna halin mutumin da ba ya jin ko ɗaya daga cikin wannan, wanda tsirarsa ta dogara ga karanta kafaɗar na gabansa.

Bayan an sake shi, ƙofofin duniya a rufe suke ga irinsa, sai birnin Shanghai na ƙasar Sin, wanda a lokacin ake iya shiga ba tare da biza ba. A 1940 ya hau jirgin ruwa daga Italiya ya sauka can, cikin Yahudawan Turai wajen 18,000 da suka nemi mafaka a birnin. A 1943 sojojin Japan da ke mamaye da Shanghai suka tattara waɗannan 'yan gudun hijira a wata matsattsiyar unguwa a Hongkew. Sauran baƙin sun sha fama da rashin jin harshen gari; shi kuwa ya saba rayuwa a tsakanin bakunan da ke motsi ba ya jin su, don haka ya shiga lungunan birnin da fensir. Ya yi ɗaruruwan zane-zane, mafi shahara a cikinsu na bugun katako ne, ƙanana, wasu ba su wuce tafin hannu ba. Ya zana masu jan keken ɗaukar mutane, waɗanda ke gudu a ƙafa da fasinja a bayansu; ya zana mabarata, da yara, da masu talla. An tattara wasu aka buga su ƙananan littattafai a can. A Shanghai ya auri wata Basiniya, ita ma kurma, a 1946.

A 1949 suka koma Amurka, suka zauna a Mount Vernon ta jihar New York. Bloch ya koma sana'arsa ta farko: ya shekara fiye da 25 a wata masana'anta yana shirya zanen adon da ake bugawa a jikin tangaran. Ya ƙware har ya kasance cikin waɗanda suka yi aikin farantan fadar White House na zamanin Shugaba Lyndon Johnson, masu ɗauke da furannin daji. Hannun da ya daskare a filin Dachau ya ƙare yana daidaita ganyen fure a gefen farantin da manyan duniya za su ci abinci a ciki. Ya yi ritaya a tsakiyar shekarun 1970, sannan a 1976 ya ziyarci Jamus, ya taka Dachau. Daga wannan ziyara abin da ya daɗe a binne ya tono kansa. Ya shiga zana sahun fursunoni, da jiragen ƙasa, da waya mai ƙaya, galibi cikin shuɗi mai sanyi da duhu, bai kuma tsaya ga mako huɗun da ya gani ba, ya haɗa da abin da ya sami waɗanda ba su sami jirgin Shanghai ba. Cikin ayyukansa akwai na hannaye masu kuka. Ga mai ji, hannu abin aiki ne; ga kurma, hannu shi ne baki. Ya rasu a 2002 yana da shekara 92.

To, ga tuhumar, kuma ba zan sassauta ta ba, domin na taɓa yi masa ita da gaske. Shaida tana da lokaci kamar yadda magani ke da lokaci. An yi shari'ar Nuremberg a 1945 zuwa 1946, an yi ta masu gadin Auschwitz a Frankfurt a 1963 zuwa 1965. A tsawon waɗannan shekaru da yawa daga cikin masu laifi sun tsufa a gidajensu, sun karɓi fansho, sun mutu a gadajensu. Wanda Allah ya ba ido da hannu irin na Bloch, ya kuma tsirar da shi daga inda wasu ba su tsira ba, ashe ba bashi ne a kansa ya yi magana tun ana neman mai magana? Wace hujja gare shi ta zana furanni? In kowane mai shaida zai jira sai ransa ya kwanta, azzalumi ya gama cin ribarsa. Wannan tuhuma tana da nauyi, kuma duk wanda ya taɓa ganin an zalunci wani don an rasa mai buɗe baki ya san nauyinta.

Akwai amsoshi biyu masu sauƙi, dukansu na ƙi su. Ta farko ita ce a ce ai kurma ne, a yi masa uzuri. Wannan tausayi ne mai ɗauke da raini, domin yana cire mutum daga sahun waɗanda ake tambaya, wanda kuwa ba a tambayarsa ba a lissafa shi cikin mutane. Malaman fiƙihun Malikiyya, waɗanda littattafansu muka tashi muka tarar a zaurukanmu, sun fi wannan adalci: sun karɓi shaidar makaho a kan abin da aka faɗa, da ta kurma a kan abin da aka aikata. Kurma cikakken shaida ne, saboda haka nauyin shaida yana hawa kansa. Amsa ta biyu ita ce a ce kurumtar baiwa ce, ita ta kaifafa masa ido, shirunsa kuma wani zurfin hikima ne. Wannan ma ban yarda da shi ba. Ƙwarewar Bloch daga shekarun koyon sana'a ta fito, daga zaman sassaƙa da ɓata allo da sake wani. Masu ji suna son mayar da naƙasar wani abin sha'awa domin hakan ya fi musu sauƙi a kan koyon harshensa.

Inda na sami bakin zaren shi ne a cikin kalmar ji kanta. A Hausa da ita muke jin sauti, da ita muke jin zafi, da ita muke jin Larabci, da ita muke jin tausayi, da ita kuma yaro ke jin magana. Harshenmu ya ɗaure fahimta da tausayi da biyayya a ƙugun kunne, har ya zama wanda ba ya ji da kunne ana iya zaton ba ya ji da komai. Amma kalmar tana nuna wani abu dabam in an juya ta: magana ba ta cika magana ba sai an ji ta. Shaida igiya ce mai baki biyu, ɗaya a hannun mai faɗi, ɗaya a hannun mai karɓa, in ɗayan ya saki babu abin da za a ja. Saboda haka kafin a tambayi Bloch dalilin shirunsa, sai a tambaya: wa ke riƙe da ɗaya bakin? Ba a buɗe Dachau a matsayin wurin tunawa ba sai 1965. Littafin Biesold bai fito ba sai 1988. Hukunce-hukuncen kotunan da suka ba da umarnin tiyatar nan ba a soke su ba sai 1998. Maganar hannu ta kuramen Jamus kuwa doka ba ta amince da ita a matsayin harshe ba sai 2002, shekarar da Bloch ya bar duniya. Ƙasar da ta kore shi ta ɗauki tsawon rayuwarsa kafin ta yarda cewa hannu yana magana.

Sannan da na sake duba shekarun Shanghai, sai na ga kalmar shiru ma ba ta dace da shi ba. Mutumin da aka raba da ƙasarsa da sana'arsa, yana zaune a matsatsi cikin talauci, da ya shagala da raunin kansa babu mai ganin laifinsa. Shi kuwa ya ɗaga ido ya ga wanda ke ƙasa da shi: mai jan keke da jijiyoyin ƙafarsa suka fito, mabaracin da masu wucewa ke tsallakewa. Ana iya cewa baƙo ne ya mayar da talaucin wasu abin kallo, kuma wannan haɗari ne na gaske ga duk mai zana wahalar da ba tasa ba. Sai dai Bloch ba daga tagar otal yake leƙe ba, titi ɗaya suke takawa, yunwa ɗaya ke bin su. Ya ba da shaida a kan abin da hannunsa ke iya ɗauka a lokacin. Nasa ciwon ne ya gagare shi taɓawa, kamar yadda mai gyaran targaɗe ke gyara na kowa amma in nasa ne sai ya nemi wani.

Duk da haka ban ce tuhumar ta rushe gaba ɗaya ba. Jinkiri yana da hasara ko da mai jinkirin ba shi da laifi. Zanen 1976 ba zai shiga kotun 1946 ba, wanda kuma ya mutu yana jiran a gaskata shi ya riga ya mutu. Abin da na fahimta shi ne hasara da laifi ba abu ɗaya ba ne, kuma ba kowace hasara ake ɗora wa wanda ta bi ta hannunsa ba. Wanda ya karya wa mutum ƙafa ba shi da bakin zarginsa da makara. Bashin shaida yana kan wanda ya gani, haka ne, amma bashi ne da ake biya gwargwadon iko, alamar mai niyyar biya kuwa ita ce ya biya da zarar ya samu. Bloch ya samu yana da shekara 66, lokacin da tsararrakinsa ke neman inuwar hutawa, ya kuma ba da ragowar ƙarfinsa ga biyan. Bai mutu da shi a wuya ba.

A nan ne fatan da na shigo da shi ya watse. Na zo neman abokin laifi, sai na tarar shiru iri biyu ne, kuma ba ma cikin iri ɗaya. Akwai shirun wanda aka yi wa rauni: yana son faɗi, abin ya fi ƙarfin bakinsa, ko ya faɗa an rasa mai ɗauka. Akwai kuma shirun wanda ya ji sarai, ya auna abin da faɗin zai jawo masa, ya zaɓi kunnen uwar shegu. Ma'aunin rarrabe su tambaya ɗaya ce: wa shirun yake karewa? Na Bloch yana kare wani miki ne da bai warke ba, bai ƙara wa kowa bulala ba. Na malamin da ya miƙa sunan ɗalibinsa sannan ya koma aji kamar ba a yi ba, da na maƙwabcin da ya ga an tafi da mutanen gidan kusa ya ja labule, yana kare kujera ne da kwanciyar hankali. Nawa yana kare yayana, da kuma ni kaina daga fushinsa. Ƙuruciya tana rage nauyin abin da na yi, amma ba ta sauya irinsa ba. A zauren nan mutum ɗaya ne ya ba da cikakkiyar shaida nan take, ba tare da lissafi ba, shi ne wanda ake kira bebe. Ni ne ɗaya bakin igiyar, na kuwa saki.

Kawu bai taɓa yi mini faɗa a kan wannan rana ba. Ya koma kan hularsa, ya ci gaba da ba ni ragowar zare ina wasa da shi. Na ɗauka ya manta, ko kuma bai lura da abin da leɓena ya furta ba, na manta cewa karanta fuska ita ce sana'arsa ta biyu. Sai bayan da na gama karanta rayuwar Bloch na je gida, na zauna a gefensa kamar da. Idonsa ya yi rauni, ya daina ɗinki. Na nuna ƙusar da ake rataye riga, na taɓa haɓata sau biyu da babban yatsa, na nuna ƙirjina, na yi alamar ƙarya. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya gyaɗa kai sau ɗaya, irin gyaɗawar wanda aka kawo wa saƙon da ya daɗe da sani. Bai yi alamar yafiya ba, bai yi ta fushi ba. Ya miƙa tafin hannunsa daidai tsayin yaro ɗan shekara goma, ya buɗe hannayensa biyu yana tambaya: ina yake?

Ban san inda yake ba. Ko sunan garinsu ban riƙe ba, malamin da ya kawo su kuma ya daɗe da tashi. A daren na shiga wurin mahaifina na ce, "Baba, kuɗin nan na shekarun baya, ba almajirin nan ya ɗauka ba. Kawu ya faɗa, na kuma gane." Ya yi shiru mai tsawo, sannan ya yi istigfari, ya tambaye ni dalilin da ya sa sai yanzu. Ba ni da amsa irin ta Bloch, ban kuma ari tasa ba. Shaidata ta zo a makare, ba ta cire wa yaron ko bulala ɗaya ba. Abin da ta yi kawai shi ne ta mayar wa Kawu maganarsa, wadda na riƙe masa shekara da shekaru, aka ji ta a gidan da ya faɗe ta.